Uwa Ɗaya, Hanya Biyu: Kangararren Matashi a Idon Masu Fim

Masu shirya fim suna da wata tsohuwar dabara idan za su ba da labarin yaron da ya kangare. Sai su ajiye masa ɗan'uwa a gefe, wanda suka sha nono ɗaya, suka kwana da yunwa ɗaya, amma shi ya shiryu. Mai kallo na ganin haka sai ya yanke hukunci: ai talauci bai hana wancan zama mutum ba, wannan shi ya so ya lalace. A ganina an yi gaggawa, domin manyan finafinan da suka bi wannan salo ba abin da suke nunawa ke nan ba.

Mu ɗauki Deewaar na Yash Chopra, wanda ya fito a Indiya a 1975. Uban Vijay da Ravi shugaban ƙungiyar ƙwadago ne da aka tsare iyalinsa aka tilasta masa ya sayar da haƙƙin ma'aikata, kunya ta sa ya shiga duniya. Fusatattun ma'aikata suka kama Vijay, wanda shi ne babba, suka zana masa rubutu a hannu cewa ubansa ɓarawo ne. Uwar ta kwashe su zuwa Bombay, tana ɗaukar bulo a wurin gini, suna kwana a ƙarƙashin gada. Vijay, wanda Amitabh Bachchan ya fito a matsayinsa, ya girma ya zama ɗan fasa-ƙwauri. Ravi, wato Shashi Kapoor, ya zama jami'in 'yan sanda, kuma da hannunsa ya harbe yayan nasa.

To amma wa ya biya wa Ravi kuɗin makaranta? Vijay ne ya haƙura da karatu ya rungumi goge takalma, daga baya ya koma dako a tashar jiragen ruwa, don ƙanensa ya zauna a aji. Tambarin wulaƙanci ma a fatar Vijay aka buga shi, Ravi bai ɗauki ko ɗigo ba. Ke nan gaskiyar da Ravi yake tinƙaho da ita, da gumin yayansa aka gina ta. Ba na cewa Vijay ba shi da laifi. Da idonsa buɗe ya karɓi tayin 'yan fasa-ƙwauri, uwarsa kuma ta yi daidai da ta ƙi zama a gidan da ya saya da haram. Abin da nake cewa shi ne, ba a shimfiɗa wa yaran nan biyu zaɓi iri ɗaya ba, ko da yake tukunya ɗaya ta ciyar da su.

John Singleton ya kawo maganar cikin gida sosai a Boyz n the Hood na 1991, a unguwannin baƙar fata na Los Angeles a Amurka. Ricky da Doughboy uwarsu ɗaya, amma Ricky ɗan lele ne, Doughboy kuwa tun yana ƙarami uwar take gaya masa ba zai zama komai ba. Yaron da ya tashi yana jin wannan daga bakin mahaifiyarsa, da wuya ya ƙaryata ta. Abokinsu Tre yana da uba tsayayye a kansa, kuma daren da aka fita ɗaukar fansar kisan Ricky, shi ne ya ce a tsaya ya sauka daga motar. Shi ya yanke wannan shawara, babu shakka, amma shekarun tarbiyya ne suka ba shi ƙarfin buɗe ƙofar. Ricky kuwa, shiryuwarsa ba ta kare shi daga harsashi ba.

Fim ɗin Brazil na 2002, City of God, ya fi su rashin sassauci. Mané Galinha mutumin kirki ne mai karɓar kuɗin mota, sai shugaban 'yan daba ya keta mutuncin budurwarsa, ya kashe masa dangi. Babu hukumar da za ta bi masa haƙƙi, sai ya ɗauki bindiga, har ya zama irin abin da yake ƙi. A nan rashin adalci ne ya cinye tarbiyya.

Wannan ya shafe mu, domin muna da 'yan daba a Kano, 'yan sara-suka a Bauchi da Jos, da 'yan kalare a Gombe, kuma masu fim ɗinmu suna taɓo su. Inda nake da ƙorafi shi ne yadda sau da yawa ake fara labarin daga lokacin da yaro ya riga ya riƙe wuƙa yana shan ƙwaya, a rufe da kamu ko tuba da neman gafarar iyaye. Ba a cika nuna ranar da aka koro shi daga makaranta saboda kuɗi ba, ko sakin da ya raba shi da uwarsa, ko ɗan siyasar da ya fara danƙa masa kuɗi lokacin zaɓe. Marubutan Kannywood, ku koma da kyamara baya, ku nuna mana yaron tun yana ɗan shekara 8, sannan ku nuna mana wanda ya saya masa wuƙar.