Harshe a Binciken Laifi: Sharhi Kan Ɗaukar Bayanin Wanda Ake Zargi

1.0 Gabatarwa

Binciken laifi a hannun 'yan sanda ya ginu ne bisa ginshiƙai uku: kiyaye wurin da aka aikata laifi, tattara hujjojin da ake iya gani da ido, da kuma jin ta bakin shaidu da wanda ake zargi. Tun da Edmond Locard ya kafa ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910, ginshiƙi na biyu ya sami kulawar masana kimiyya. Na uku kuwa aikin harshe ne tsantsa, kuma shi ne abin da wannan maƙala za ta yi nazari a kai.

2.0 Abin da Doka Ta Tanada

Sashe na 35(2) na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa. Haka kuma sashe na 17 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya ce idan mutum ba ya jin Ingilishi, tafinta ya rubuta bayaninsa, ya karanta masa, sannan ya sa hannu. Sai dai dokar ba ta fayyace irin horon da ya kamata tafintan ya samu ba.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Bahaushe yakan yi bayani da Hausa, a rubuta da Ingilishi, alƙali ya yi hukunci da abin da ke kan takarda. Dubi waɗannan misalai:

(1) Na buge shi.
(2) Na ɗauka.
(3) Ƙaddara ce.

Jimla ta (1) tana iya nufin duka da gangan, tana kuma iya nufin karo da babur cikin kuskure. Ta (2) ba ta kai "na sata" ba, domin sata tana buƙatar niyyar raba mai abu da abinsa. Ta (3) kuwa furuci ne na miƙa al'amari ga Allah, wanda mai laifi da marar laifi duk suke yi. Idan tafinta ya zaɓi ma'ana ɗaya bai nemi ƙarin bayani ba, to ya cusa niyya a inda mai magana bai ambace ta ba, alhali niyya ce ke raba kisan kai da kisan kuskure.

Haka nan "to" da "na ji", waɗanda Bahaushe kan faɗa don ladabi a gaban hukuma, ba sa nuna amincewa da abin da aka karanta masa.

4.0 Kammalawa

Ya kamata a fara rubuta bayanin da Hausar da aka furta shi, kalma da kalma, sannan a haɗa shi da fassararsa, domin kotu ta iya gwada su. Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i suna da rawar takawa wajen horar da tafintoci da daidaita kalmomi irin su "zargi", "tuhuma" da "iƙirari". Muddin ba a yi haka ba, za a ci gaba da ɗaure mutane bisa kalmomin da ba su fito daga bakinsu ba.