Ruwan Tiga da Hakkin Na Ƙasa: Bitar Littafin "The Hadejia-Nguru Wetlands"

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kumbotso zuwa Kura da Bunkure da rani, zai ga shinkafa da tumatir da albasa shar, albarkacin ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Littafin nan da ƙungiyar IUCN ta wallafa a 1993, wanda G.E. Hollis da W.M. Adams da M. Aminu-Kano suka tace, ya yi tambayar da ba a cika yi ba: ruwan da aka tare a nan, wa aka rage wa a can?

Amsarsa ita ce mutanen fadamun Haɗejiya da Nguru. Ambaliyar da ke shayar da gonakinsu, ta cika tafkunan kifi, ta raya makiyaya, ta ja baya bayan an datse Kogin Kano a Tiga. Babin da ya fi ƙayatar da ni shi ne na Edward Barbier da abokan aikinsa, inda suka ƙiyasta kuɗin amfanin gona da kifi da itacen girki na fadama, suka kwatanta da ribar aikin noman rani na Kogin Kano. Sun gano cewa idan aka auna da yawan ruwan da ake sha, fadama ta ninka aikin gwamnati riba nesa ba kusa ba.

Darasin ya shafi tallafin noma kai tsaye. Taimakon da muka saba da shi na takin zamani ne da ruwa mai araha, ba ruwansa da wanda ya tattala ko ya ɓarnatar. A Turai kuwa, tun 1992 ƙasashen Tarayyar Turai ke biyan manomin da ya rage guba ya kare ƙasa. Me zai hana a saka wa manomin Kura da ya yashe magudana, ya zuba takin gargajiya, ya daina kwarara ruwa a banza?

Raunin littafin biyu ne. Turancinsa na masana ne, kuma hankalinsa ya fi karkata ga fadama fiye da manomin da ke ban ruwa da ruwan Tiga, wanda shi ma iyali yake ciyarwa. Duk da haka aiki ne na gaskiya da adalci. Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da jami'o'inmu su mayar da saƙonsa Hausa, a karanta wa ƙungiyoyin masu ban ruwa.