Kartar Amurka Da A Ke Nunawa A Majigi

'Yan makarantarmu na Gwarzo da Kabo sun saba ganin dattawa suna dara a gindin itace, samari kuwa suna Whot a rumfar mai shayi. Yanzu ga wata karta ta Amurka ta shigo ta wayar hannu, ana ce da ita foka. Mun kalli shirye-shiryenta, mun ga ya kamata mu auna su kamar yadda mu ke auna littafi, domin su ma labari ne aka tsara.

Irin da aka fi nunawa shi ne Texas Hold'em, wanda ya fito daga jihar Teksas. Katunan 52 ne, iri 4, kowane iri 13. A kan ba kowa kati 2 a rufe, a zuba kuɗi. Sa'an nan a buɗe 3 a tsakiyar tebur, a sake zubawa, a buɗe na huɗu, a zuba, kana a buɗe na biyar, a yi zubin ƙarshe. Waɗannan 5 na tsakiya na kowa da kowa ne. Mutum ya haɗa su da nasa 2, ya zaɓi 5 mafi ƙarfi cikin 7 ɗin. Wanda ya ga ba zai iya ba, sai ya kife nasa ya janye, abin da ya zuba kuwa ya tafi ke nan. In duk aka janye aka bar mutum ɗaya, ya kwashe ba tare da ya nuna kome ba. Watau mai hannun banza ya kan ci da burga.

To, a nan gwanintar masu shirin ta ke. A 1999 wani shiri a Birtaniya, Late Night Poker, ya sa na'urar ɗaukar hoto a ƙarƙashin teburin gilashi, har ɗan kallo ya riƙa ganin katunan da 'yan wasa ke ɓoye wa juna. Lalle dabarar ta yi kyau, ba mu musu. Ita ce ta tatsuniya: mu masu sauraro mun san abin da Gizo ya ƙulla, Kura ba ta sani ba, daɗin duka a nan ya ke. Haka mu ke dariyar wayon da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna cikin Ruwan Bagaja.

Amma mai tatsuniya ba ya ce maka zo ka zama Gizo. Shirin nan kuwa ya kan sa yaro ya ce, "Ai ni ma da na gane!" Ya manta an buɗe masa abin da na teburin ba ya gani. Kuma a kan yanke sa'o'in da gwanaye su ke yi suna kife kati suna jira, a bar wurin ihu kaɗai.

Ku ɗauko alli. A ce kana da 2 iri ɗaya, an buɗe 3, biyu cikinsu irinka ne, saura ɗaya ka cika 5. Irin nan 13 ne, ka ga 4, saura 9 cikin 47 da ba ka gani ba. Ko an buɗe sauran biyun, sau 35 cikin 100 kaɗai za ka dace. A majigi kuwa ranar dacen a ke ta maimaitawa.

Labarin da su ka fi so shi ne na Chris Moneymaker, wani akawu da ya ci babbar gasar Las Begas a 2003, ya sami dala miliyan 2.5. Gaskiya ne. Sai dai mutum 839 su ka zauna, kowace kujera dala 10,000, yawancinsu ba su koma gida da ko anini ba, ba a kuwa tsaya a kansu. Littafin da ya bi mutum ɗaya ya yar da ɗari takwas, ai ba ma ce ya ba da labarin garin ba. Balle a nan Kano, inda Suratul Ma'ida ta riga ta hana caca, dokar Shari'a ta 2000 kuma ta sa mata hukunci.

Wanda ya ke so ya gwada maganarmu, in ya sake kallo, ya sa yatsa ya rufe kusurwar da a ke nuna katunan ɓoye, ya canki mai ƙarfi da mai burga, ya rubuta ko sau nawa ya dace cikin goma.