Jinjina ga Mutanen Briqueterie, Masu Karɓar Baƙo

Matafiyin da guzurinsa bai taka kara ya karya ba, idan jirgin ƙasan Ngaundere ya sauke shi a Yawunde, babban birnin Kamaru, to ya nufi Briqueterie. Nan ce tsohuwar unguwar Hausawa, inda baƙo zai wuni yana kashe kwarkwatar ido, bai taɓa aljihunsa ba.

Jinjinar farko ta teloli ce da masu aikin wuyan riga. Ka yi sallama a bakin shago, a turo maka benci, ka zauna ka ga yadda zare ke zama ado a ƙirjin babbar riga, ba mai tambayarka ko sisi. Sai masu tsire, waɗanda suka fito da sunan unguwar. Da yamma mutanen birni, Musulmi da Kirista, sukan yi dafifi a gaban tukubarsu, kallon yadda suke yanka da barbaɗa yaji ma abin tsayawa ne.

Babbar jinjina kuwa ta dattawan babban masallacin unguwar ce. A nan baƙo ke samun ruwan alwala da inuwa da mai yi masa kwatancen kasuwar Mokolo ko masallacin Tsinga, duk tafiyar ƙafa ce. In azumi ne, ba a barinsa ya sha ruwa shi kaɗai.

Baƙonka annabinka, in ji Hausawa, mutanen Briqueterie kuwa sun riƙe wannan gado. Ɗan'uwa, in ka je, ka gaishe su da girmamawa, sun cancanta.