Mutum Cikin Rigar Dodo: Nazari a kan Finafinan Kaiju na Japan

Duk wanda ya taɓa zama gaban ɗaya daga cikin tsofaffin finafinan dodanni na ƙasar Japan ya san dariyar da ke fara kama mai kallo. Ga wani ƙaton ƙadangare ya fito daga teku yana tattake birni, amma tun daga takunsa an gane mutum ne cikin rigar roba. Ga jiragen yaƙi suna shawagi, ga kuma siririyar wayar da ke riƙe da su. Duk da haka, fiye da shekara 70 ke nan ana kallon waɗannan finafinai da Japanawa ke kira kaiju, wato baƙuwar dabba, kuma waɗanda suka gan su da ƙuruciya suna nuna wa jikokinsu. Wasu masu sharhi sukan ce don sheƙe da dariya kawai ake komawa gare su. Wannan amsa ba ta wadatar ba, domin abin dariya zalla ba ya yin irin wannan tsawon rai. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne hannun ɗan Adam da yake hangowa a bayan dodon, da kuma nauyin abin da hannun nan ya ɗauko.

Ruwa ba ya tsami banza

Fim ɗin farko, Gojira, wanda duniya ta sani da Godzilla, ya fito ranar 3 ga Nuwamba 1954 daga kamfanin Toho, ƙarƙashin jagorancin Ishiro Honda. Shekara 9 kacal ta raba shi da daren 10 ga Maris 1945, lokacin da jiragen Amurka suka ƙone unguwannin Tokyo, aka rasa rayuka kimanin 100,000, da kuma bama-baman Hiroshima da Nagasaki na watan Agustan wannan shekara. Har zuwa 1952 Japan tana ƙarƙashin mamayar Amurka, kuma masu tace labarai sun tsaurara a kan duk wata magana ta ɓarnar bom. Mutane sun haɗiye abin da suka gani.

Sai ga sabon rauni. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada wani babban bom a tsibirin Bikini, tokarsa ta zubo a kan jirgin masunta mai suna Daigo Fukuryu Maru, mai ɗauke da mutum 23. Dukansu sun kamu da gubar nukiliya, kuma mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu cikin Satumba. Jama'a suka ƙaurace wa kifi, matan unguwar Suginami suka fara tattara sa hannu don a hana gwaje-gwajen, har aka samu fiye da miliyon 30. Cikin wannan yanayi Gojira ya buɗe da jirgin ruwa wanda wani haske ya lashe a tsakiyar teku. Babu ɗan kallo a Japan da ya buƙaci a yi masa bayani.

Honda ya yi soja a ƙasar Sin, ya kuma ga kangon Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida. Shi ya sa bai tsaya ga rushewar gine-gine ba. Ya nuna asibiti cike da majinyata a ƙasa, ya nuna likita yana gwada yaro da na'urar auna guba, ya nuna wata uwa rungume da ƴaƴanta cikin wuta tana lallashinsu da cewa sun kusa tarar da mahaifinsu. Masanin da ya ƙirƙiro makamin da ya kashe dodon, Serizawa, ya ƙone takardunsa ya kuma zaɓi mutuwa a ƙarƙashin ruwa, don kada iliminsa ya faɗa hannun masu yaƙi. Dodo a nan riga ce da aka sa wa wani abin tsoro wanda ido ba ya iya kallo tsirara.

Dabara ta fi ƙarfi

Ya kamata a gyara wani kuskure: a ma'aunin Japan na 1954 Gojira fim ne mai tsada. Ƙarancin da ya fuskanta na lokaci ne da na kayan aiki idan an kwatanta da Hollywood. Eiji Tsuburaya, gwanin dabarun hoto, ya so ya bi hanyar King Kong na 1933, inda ake motsa ƴar tsana kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Da ya yi lissafi, sai ya ga aikin zai ci shekaru, alhali watanni aka ba shi. Sai ya juya al'amarin: a sa mutum cikin riga, a ƙanƙanta birnin. Aka gina Tokyo a kan kashi 1 cikin 25 na girmanta, da tagogi da turakun lantarki da layin dogo, don dodo mai tsawon metir 50 ya samu abin takawa. Ana ɗaukar hoton da sauri, ta yadda in an haska shi sai motsin ya yi nauyi, ƙura ta tashi a hankali kamar ta ginin gaske.

Rigar farko ta kai kilo 100. Haruo Nakajima, wanda ya sa ta, ba ya iya wuce ƴan mintoci a ciki saboda zafin fitilu, har yakan suma. Ya riƙa zuwa gidan namun daji na Ueno yana nazarin tafiyar giwa da sauran manyan dabbobi, ya kuma ci gaba da zama Godzilla cikin finafinai 12, har zuwa 1972. Shi kuwa kukan dodon, mai tsara kiɗa Akira Ifukube ne ya samo shi: aka shafa ƙaro a safar hannu ta fata, aka goga ta a kan tsirkiyar babban gogen Turawa, aka rage saurin faifan. Kowace dabara a nan amsa ce ga wani rashi, kuma daga amsoshin ne salon ya samu kamanninsa.

Shekarun tsuke aljihu

Ainihin arhar ta zo daga baya. A 1958 gidajen sinima na Japan sun sayar da tikiti fiye da miliyar 1. Zuwa 1970 telebijin ta janye jama'a, adadin ya koma kusan kashi 1 cikin 4. Kamfanoni suka rage kuɗi, suka juya ga yara. Daiei ya fito da Gamera a 1965, ƙaton kunkuru mai tashi sama yana juyawa da wuta, wanda ya zama abokin yara. Toho ya mayar da Godzilla mai kare ƙasa, yana kokowa da wasu dodanni. Tun King Kong da Godzilla na 1962 faɗan ya ɗauki salon kokowar da Japanawa ke kallo a telebijin, da kirari da zagaye fili da kayarwa, abin da duk mai zuwa filin kokowa zai gane nan take.

A nan dole mai nazari ya raba tsaki da tsakuwa. Akwai finafinan da talaucinsu ya kai har ga tunani. Godzilla da Megalon na 1973, wanda aka ɗauka cikin kimanin mako 3, ya cika giɓinsa da tsofaffin hotuna daga finafinan baya, har dare da rana suna cakuɗewa cikin faɗa ɗaya. Gamera na 1980 kusan gaba ɗayansa faci ne. Wannan ha'inci ne ga yaron da ya biya kuɗin shiga, kuma ƙaunar salon ba ta wanke shi.

Amma cikin shekarun nan ne aka yi wasu ayyuka masu ban mamaki. A 1969 Honda ya yi fim a kan Ichiro, yaro a garin masana'antu na Kawasaki, wanda ke dawowa daga makaranta ya tarar da gida babu kowa domin uwa da uba suna wurin aiki, ga kuma wani babban yaro yana cin zalinsa. Dodannin a mafarkinsa suke, can yake koyon tsayawa da ƙafafunsa daga ɗan Godzilla. Shi ma wannan fim ya ari tsofaffin hotuna, sai dai aron ya zauna daidai, tunda mafarkin yaro daga abin da ya taɓa gani a sinima yake ginuwa. A 1971 kuma Yoshimitsu Banno ya fito da Hedorah, dodon da ya tashi daga dagwalon masana'antu yana shan hayaƙin bututu, a lokacin da cutar Minamata da fukar Yokkaichi ke gaban kotuna. Fim ne mai ruɗani, da zanen yara da kiɗan samari da Godzilla mai tashi sama, amma ya gaya wa ƴan makaranta gaskiyar da manya ke kewayewa. Manyan finafinai masu tsada suna tsoron asara, don haka suna taka-tsantsan. Ƙaramin fim, da yake ba a sa masa ido sosai, yakan samu ƴancin yin ganganci.

Ɗinkin da ake gani

Masu raina waɗannan finafinai suna auna su da ma'auni ɗaya, wato ko abin ya yi kama da gaske. Wannan ma'auni ba na kowa ba ne. A wasan ƴan tsana na bunraku, mutum uku ne ke motsa ƴar tsana guda a gaban jama'a, kuma ƴan kallo suna zub da hawaye. A wasan kabuki, masu gyara fage sukan shigo cikin baƙaƙen tufafi, kowa ya amince bai gan su ba. Al'adar da ta saba da wannan yarjejeniya ba ta jin kunyar waya ko ɗinkin riga. Mai kallo ya san ƙarya ce, ya yarda ya cika sauran da zuciyarsa, kamar yadda yara ke yi wa Dodon tatsuniya, wanda ba su taɓa gani ba face a muryar kakarsu.

Daga nan ne daɗin ke fitowa, kuma ninki biyu ne. Ido ɗaya yana kallon Tokyo tana ci da wuta, ɗayan yana yaba maginin da ya jera rufin gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya san cewa aikin makonni zai rushe cikin ƴan daƙiƙoƙi, kuma in an yi kuskure sai an sake ginawa. Abin da ke faɗuwa abu ne mai nauyi, wutar ta gaske ce, ruwan na gaske ne. Dodon kansa yana gajiya, yana tuntuɓe, yana jinkiri kafin ya juya, domin akwai huhu da gwiwa a cikinsa. Wannan ne ya sa ake tausaya masa ko yana ɓarna. Ga al'ummar da ta ga biranenta sun zama toka, akwai wata waraka cikin gina birni da hannu, a rushe shi da gangan, a kuma tashi gobe a sake gina shi. Ga yaro kuwa darasin a fili yake: da kwali da gwangwani shi ma zai iya.

Hollywood ta gwada akasin haka a 1998, da Godzilla na Roland Emmerich, wanda ya ci fiye da dala miliyon 100, aka zana dodon da kwamfuta. Dabbar ta fito sumul, tana gudu tana ɓuya daga sojoji, masoya salon kuma suka juya mata baya. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Laifin ba na kwamfuta ba ne. Shin Godzilla na 2016 da ita aka yi shi, amma an ɗauko motsin dodon daga jikin Mansai Nomura, ɗan wasan gargajiya na kyogen, kuma fim ɗin ya tuhumi jinkirin hukumomi bayan girgizar ƙasa da hatsarin Fukushima na 2011. Godzilla Minus One na Takashi Yamazaki, na 2023, wanda kuɗinsa bai wuce dala miliyon 15 ba, ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto a 2024 da ma'aikata 35. Dukansu biyu sun riƙe gadon 1954: dodon yana ɗauke da wani ciwo na gaske.

Abin da ya shafi mai kallo na nan

Wannan labari bai yi wa Nijar nisa ba. Uraniyom na Arlit da Akokan ya shiga kasuwar nukiliya ta duniya, kuma wani kamfanin Japan ya riƙe kashi 25 cikin 100 na Cominak, wadda ta rufe a 2021. Tambayar da Serizawa ya mutu da ita, ta alhakin mai ilimi a kan abin da iliminsa ke haifarwa, tambaya ce da ta dace da aji a Maraɗi ko Damagaram.

Ta fuskar sana'a ma akwai dangantaka. Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tahoua har ya rasu a 2015, ya yi wa shugabanni shaguɓe da kwaɗi cikin Bon voyage Sim na 1966, ya kuma shirya gasar kokowa ta dabbobi da ƴan tsanar da ya ƙera da hannunsa cikin Kokoa. Kamar Tsuburaya, bai jira kayan aikin da ba shi da su ba. Ƙungiyoyin al'adu da ke ajiye wasanninsu har sai kuɗin tallafi sun iso za su amfana da kallon mutanen nan biyu a zama ɗaya.

Malamin da zai nuna wa ɗalibai irin waɗannan finafinai ya kyautu ya fara da Gojira na asali, ya kauce wa sigar Amurka ta 1956, wadda aka yanke mata sassa da dama na maganar bom aka cusa ɗan wasa Raymond Burr. Ɗalibai za su yi dariya a farko, kuma babu laifi. Abin lura shi ne inda dariyar ke tsayawa. Sau da yawa a wurin uwar nan da ƴaƴanta take tsayawa, alhali kowa a ɗakin ya san cewa mutum ne cikin rigar roba yake tafe.