Taswirar da Yatsa Ke Karantawa

Tun da wayar hannu ta fara magana, har tana ce wa mai tafiya ya yi dama ko hagu, an sami masu ganin cewa koya wa yara makafi taswirar shafawa, wato wadda hanyoyinta da kogunanta suka taso a kan takarda yadda yatsa zai ji su, aiki ne da zamani ya wuce. A ganina wannan kuskure ne babba, domin waya ɗan jagora ce kawai, takan kai mutum inda ya nufa ba tare da ta sanar da shi yadda gari yake shimfiɗe ba, alhali kuwa wanda ya san gabas da yamma, da abin da ke bayan kasuwa, shi ne ke iya zaɓar hanyarsa.

Wannan fanni yana da asali, gama tun a 1837 Samuel Gridley Howe, shugaban makarantar makafi ta Boston a Amurka, ya buga littafin taswirori masu tudu domin almajiransa. Sai dai mallakar taswira daban, iya karanta ta daban. Ido yakan ɗauki sura gaba ɗaya kafin ya koma ga tafsili, amma yatsa guntu-guntu yake tsinta, sa'an nan hankali ya harhaɗa. Saboda haka wajibi ne malami ya bi tadriji: ya fara da ajin da yaro ya riga ya sani da ƙafarsa, ya manna zare a matsayin bango, maɓalli a matsayin ƙofa, ya ɗora yatsan hagu na yaron a kan maɓallin kada ya gusa, na dama kuwa ya bi zaren har ya kewayo. In wannan ya zauna, sai a shiga harabar makaranta, daga nan unguwa, daga nan ƙasa, ana rage tarkace, domin taswirar da aka cika wa alamomi rikita yatsa take yi.

Makarantun makafi irin ta Gindiri, wadda aka kafa a 1953, sun tabbatar mana cewa rashin gani ba rashin basira ba ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha wakilta Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda makaho ne, a Madina. Haƙƙin yaran nan ne a kanmu mu ba su ilmin wuri cikakke, tun da kwali da zare da gam ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba.