Jamus da aka haɗa a fadar maƙiyi: bitar littafin Katja Hoyer

Littafin Blood and Iron, wanda Katja Hoyer ta fitar a 2021, ba shi da kauri, amma ya ɗauko kaya mai nauyi: yadda Jamusawa suka tashi daga ƙasashe 39 na ƙawancen 1815 suka zama daula guda a 1871, da yadda daular ta rushe a 1918. Marubuciyar haifaffiyar Jamus ta Gabas ce da ke zaune a Birtaniya, kuma tana rubutu kamar mai ba da labarin gidansu ga baƙo, ba ta ɓoye aibu, ba ta kuma zagin dangi.

Abin da ta kafa hujja a kai shi ne kishin ƙasar Jamusawa tsoro ne ya rene shi. Harshe ɗaya suke yi, 'yan'uwan nan Grimm ma sun tattara musu tatsuniyoyinsu tun 1812, amma Katolika na kudu da Furotesta na arewa ba sa ga maciji. Sai da Napoleon ya tattake su suka tuna cewa su 'yan'uwa ne. Majalisar Frankfurt ta 1848 ta nemi haɗa su da tsarin mulki da muhawara, sarkin Furushiya ya ƙi karɓar rawanin da talakawa suka miƙa masa. Bismarck, da ya zama firaministan Furushiya a 1862, ya fahimci darasin. Ya yaƙi Denmak a 1864, Ostiriya a 1866, sannan Faransa a 1870, yaƙin da ya jawo ƙasashen kudu irin su Bavariya cikin tafiyar.

Inda na fi jin daɗin alƙalaminta shi ne bikin naɗin sarauta na 18 ga Janairu 1871, a zauren madubai na fadar Versailles, a tsakiyar ƙasar maƙiyi, Paris na kewaye da sojoji. Wilhelm na Ɗaya, sarkin Furushiya da aka naɗa sarkin daular, dattijo mai shekara 73, bai yi murna ba. Gani yake ana binne sarautar Furushiya da ya gada. Zauren cike yake da sarakuna da hafsoshi cikin kakin soja, jama'ar da aka ce dominsu aka yi haɗin kuwa ba a ba su wuri ba. Daga nan mai karatu zai gane abin da ya biyo baya: da maƙiyin waje ya kau, Bismarck ya nemo na cikin gida, ya fara da cocin Katolika, ya koma kan 'yan gurguzu da dokar 1878. Duk da haka Hoyer ta ƙi yarda cewa hanyar nan dole ta ɓulle wajen Hitler, ta tuna mana da ƙuri'ar da aka ba kowane namiji baligi da inshorar lafiyar ma'aikata ta 1883. Wannan adalcin ya burge ni ƙwarai.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma yana ci mini rai. Daular da aka haɗa a Versailles ita ce ta karɓi baƙuncin taron Berlin na 1884 zuwa 1885, ta kama Kamaru da Togo, sojojinta suka kai har Garwa da Marwa a ƙasar Adamawa, suka kuma yi wa ƙabilar Herero kisan ƙare dangi a Namibiya daga 1904. Hoyer ta taɓo mulkin mallakar, amma da hanzari, ta fi dubansa ta fuskar siyasar Berlin. Mutanen da bindigar ta faɗa wa sun cancanci babi nasu.